Katin da Matata Ta Ɗinke a Cikin Kwat

Yau shekara tara da wata huɗu rabona da gida. Na san ba haka ake buɗe jawabi ba, na san gaisuwa ce kan gaba, amma da wannan lissafin na tashi da safe, da shi na shiga bas, kuma in ban sauke shi a gabanku tun farko ba, zai yi ta yi mini nauyi har in gama. To, na sauke.

Mai girma shugaban wannan ƙungiya tamu da mataimakinsa, sakatarenmu da ya fara rubutu tun ban ce komai ba, ma'ajinmu da ya rungume jaka kamar an ce yau za a ƙwace ta, malaminmu da ke zaune a gefen taga, iyayenmu maza da mata da suka riga mu zuwa ƙasar nan, suka nuna mana inda ake hawa bas da inda ake sauka, direbobin tasi da ke can baya, ido ɗaya a kaina, ido ɗaya a kan motocin da suka bari a bakin titi, ma'aikatan asibiti da suka zo da kayan aiki a jikinsu, ɗalibai, sababbin zuwa da har yanzu ke juya kowane farashi zuwa kuɗin gida kafin su saya, da sauran jama'a maza da mata, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya ga Allah da Ya tara mu lafiya. Ina godiya ga shugaba da ya ba ni wannan dama, ya kuma tuna mini har sau biyu cewa ƙarfe biyar za a karɓe ɗakin, domin wasu sun kama shi bayanmu. Ina godiya ga matan da suka zo da wuri suka jera kujeru. Akwai wata godiya da na ajiye, sai mun zo wurinta.

Da shugaba ya same ni kan in yi magana game da katin bashi da tsadar rayuwa, dalili uku ya kawo. Ya ce, "Tica, kai ka daɗe a ƙasar nan, kai ka san lissafi, kuma kai ne ba a taɓa jin ka je rance wurin kowa ba." Na farko gaskiya ne, shekarata goma sha huɗu a nan. Na biyu ma gaskiya ne, shekara shida na yi ina koyar da lissafi a firamare kafin in fito, shi ya sa har yau kuke ce mini Tica, ko da yake yanzu zannuwan gadon otal nake wankewa a kamfanin wanki, ina tura su cikin injin guga mai tsawon wannan ɗakin daga safe zuwa yamma. Na ukun ne nake so in gyara a bainar jama'a. Ban zo rance wurinku ba domin na riga na ci bashi a wurin da ba a haɗa ido, wurin da ba a gaisawa, wurin da ba wanda zai gan ka a taro ya kawar da kai. Saboda haka ba jawabin gwani za ku ji ba yau. Jawabin wanda ya faɗa ramin ne, ya daɗe a ciki har ya san faɗinsa da zurfinsa.

Abu na farko, yadda katin ke shigowa gida. Ba ya shigowa da faɗa, da girmamawa yake shigowa. Shekara bakwai da suka wuce muka koma gidan da muke ciki yanzu, ɗaki biyu da falo a hawa na huɗu, babu firji. Yarinyarmu na da shekara ɗaya, madara na lalacewa kafin a kai rabin kwali. Na je banki wata rana, ma'aikaciyar da ke bayan tebur ta duba na'urarta ta yi murmushi ta ce na cancanci katin bashi na dubu ɗaya. Ku da kuka daɗe kun san abin da na ji. Mutumin da ake juya takardunsa sau biyu a kowace ƙofa, mutumin da ake sa shi ya maimaita sunansa sau uku, yau ga wani gida mai gilashi ya ce ya yarda da shi. Na fito ina tafiya kamar an ƙara mini tsawo. A ranar na sayi firji ɗari shida.

Hukuncin kuɗin ruwa na bar wa malam. Ya faɗa mana ba sau ɗaya ba, na ji da kunnena, na sunkuyar da kai na ce wa zuciyata lalura ce. Firji lalura ne, na yarda. Talabijin mai faɗin ƙofa da ta biyo baya ba lalura ba ce. Ni dai lissafi zan yi muku.

Abu na biyu shi ne kuskuren da na yi, kuma ina zaton rabin ɗakin nan na yin sa yanzu haka. A inda muka taso, in mai kanti ya ba ka kaya bashi, ƙarshen wata za ka je da abin da ya samu, ya karɓa, ya soke a littafi, abin da ya rage shi ne ya rage. In ya ce maka "kawo abin da ya sawwaƙa", mutunci ya yi maka, sai ka gode masa har ka tambayi iyalinsa. Bashin ba ya kumbura shi kaɗai a cikin littafi. To, takardar banki ta zo ƙarshen wata, a samanta akwai wani ɗan akwati da aka rubuta mafi ƙarancin abin da zan iya biya. Na ga ƙaramar lamba, na ce waɗannan mutane akwai sanin ya kamata. Na ɗauke su mai kanti. Na riƙa biyan abin da ke cikin akwatin nan wata bayan wata, ina jin kaina cikakken mutum mai cika alkawari. Su kuwa suka riƙa ƙara mini iyakar abin da zan iya ci: daga dubu ɗaya zuwa dubu biyu da rabi, zuwa dubu huɗu, zuwa dubu shida. Duk lokacin da aka ƙara sai in nuna wa matata takardar kamar na ci jarrabawa. Ban gane ba cewa mai biyan ƙaramar lambar nan a kan lokaci, ba ya gamawa kuma ba ya gudu, shi ne mutumin da suka fi so a duniya.

Abu na uku, ƙananan cajin da ba a jin ƙararsu. Zan lissafa nawa, kowa ya duba nasa.

Akwai kuɗin riƙe katin, sittin a shekara, ko ka taɓa shi ko ba ka taɓa ba. Akwai tarar jinkiri, talatin. Albashina ranar ashirin da takwas yake shiga, su kuma ranar ashirin da biyar suke son kuɗinsu. Kwana ukun nan sun ci mini tara sau huɗu. Akwai wata inshora ta goma sha biyu a wata. Yadda na same ta: an kira ni a wurin aiki lokacin hutun rabin awa, injuna na ruri, wani mai murya mai daɗi yana ta zuba, ni kuma an rene ni a kan ba a katse mai magana, sai nake ta cewa "to, to" don ya gama in ci abincina. Wannan "to" ɗin ya zauna a kan takardata wata hamsin da huɗu. Ku ninka. Ɗari shida da arba'in da takwas. Ladabina ya fi firjina tsada.

Amma babbansu shi ne aiken gida. Waya ta yi ƙara ranar ashirin ga wata, aljihu ya bushe. Rufin ɗaki na yoyo, ɗan ƙanenka na kwance, an koro yara saboda kuɗin makaranta. Mu ba mu iya cewa babu ba. Mutumin da ya hau jirgi ya tafi, da wane baki zai ce babu? Sai in zaro katin in aika. Abin da ban tsaya na karanta ba shi ne, in ka ciri tsabar kuɗi ko ka yi aike da katin bashi, ana yankar biyar a kowane ɗari nan take, kuma ruwan yana fara hawa daga ranar, ba ya jiran ƙarshen wata. Ana ta sa mini albarka a waya, ana cewa Allah Ya ƙara buɗi, ni kuma da kuɗin wasu nake karɓar albarkar.

Abu na huɗu, ƙarin kuɗin ruwa. Da na karɓi katin, kashi goma sha tara cikin ɗari ne a shekara. Ya koma ashirin da huɗu. Ya koma ashirin da tara. A nan dole in yi adalci ko da zuciyata ba ta so: ba su ɓoye mini ba. Kowane ƙari sai da suka aiko da wasiƙa. Rubutun ƙanana ne kamar ƙafar tururuwa, an tsara shi yadda mai dawowa daga aiki a gajiye ba zai kai ƙarshensa ba, wannan laifinsu ne kuma ba zan yafe musu shi da sauƙi ba. Amma ambulan ɗin ya zo, da sunana a kai, ni na ɗauke shi na jefa a kwalin takalmi ban buɗe ba. Wannan nawa ne. Za ku ce, malamin lissafi fa? Ai saboda ni malamin lissafi ne na ƙi buɗewa. Na san in na zauna da biro minti goma zan ga amsar, kuma na san ba zan so ta ba.

Yanzu mun zo kan godiyar da na ajiye. Matata, ga ta can a layi na uku tana hararata, tela ce. A falo take aiki, rage tsawon wando, sauya zif, matse riga. Tana rubuta awon masu kawo ɗinki a bayan tsofaffin ambulan. Shekara biyu da wata biyu da suka wuce, wata rana takarda ta ƙare mata, ta jawo kwalin takalmin nan, ta farke ambulan ɗaya don ta yi rubutu a cikinsa. Da na dawo da yamma na tarar ta jera wasiƙun a ƙasa, wata bayan wata, daga bakin ƙofa har gindin keken ɗinki, allin tela a hannunta.

Ta ce, "Tica, cire takalmi ka zo ka koya mini lissafi. Ka san ni ban yi nisa a makaranta ba."

Na ce, "Bari in sha ruwa."

Ta ce, "Ruwa kam ga shi nan a takarda, har ya yi yawa. Wannan ɗari da tamanin da kake biya duk wata, ina yake tafiya?"

Na tsuguna na duba. Bashin ya kai dubu biyar da ɗari huɗu. Cikin ɗari da tamanin ɗin, ɗari da talatin kuɗin ruwa ne, hamsin kacal ke taɓa uwar kuɗin, kuma kafin wata ya ƙare na sake ɗora abin da ya fi hamsin ɗin. Na faɗa mata haka, da muryar da ban san ina da ita ba.

Sai ta ce, "Firjin nan da ya mutu bara, aka zo aka kwashe shi, mun gama biyansa?"

Jama'a, na tsaya gaban yara sittin na amsa tambayoyi, na tsaya gaban jami'an shige da fice na amsa tambayoyi. Ba wadda ta kai wannan nauyi.

Ba ta yi kuka ba, ba ta kira 'yan'uwanta ba, ba ta tara mini maƙwabta ba. Cewa ta yi, "Kai da kake tsayawa minti goma a kasuwa a kan kuɗin albasa har mai kaya ya gaji ya sallama, ka taɓa taya wannan?" Na ce banki ba kasuwa ba ce. Ta ce, "Suna sayarwa, kana saya. Mene ne sunan wurin?"

Washegari na kira su. Minti arba'in ina jin kiɗa a waya kafin wata mata ta ɗauka. Na ce mata shekara biyar ina biya, ba na gudu, amma a wannan farashin ba zan iya ba, kuma na ji wani bankin na karɓar bashi irin nawa a ƙasa da haka. Matar nan, Allah Ya saka mata, ba ta wulaƙanta ni ba. Ta cire inshorar a take. Ta mayar mini da kuɗin tarar jinkiri ɗaya cikin huɗun. Ta matsar da ranar biya zuwa biyu ga wata, bayan albashi ya shiga, abin da ashe tun farko tambaya kawai yake buƙata. Ta rage ruwan daga ashirin da tara zuwa ashirin da ɗaya. Ba kyauta ta yi mini ba, har yanzu suna cin riba, kuma kuɗin shekara ta ce ba ta da ikon taɓa shi. Amma na ajiye wayar ina tambayar kaina: shekara biyar, me ya hana ni? Kunya. Muna jin kunyar inji, muna jin kunyar takarda, muna jin kunyar mutanen da ba su san fuskarmu ba.

Da na gama wayar, matata ta miƙo hannu ta ce in ba ta katin. Na zaci almakashi za ta sa masa. Sai ta ɗauko wannan kwat da ke jikina, wadda na shigo ƙasar nan da ita, ta farke shafin ciki, ta zura katin, ta mayar da ɗinki ƙanana ƙanana. Ta ce, "Ba zan karya shi ba, ba ni na karɓo shi ba. Yana nan a jikinka. Ranar da ka buƙace shi, ka zo ka gaya mini dalili in farke maka." Ga shi nan, a ƙarƙashin hammata. Direban da ke dariya a baya, in an tashi ka zo ka taɓa, ba na karɓar kuɗin kallo.

Abu na biyar, kuɗin gida. Muka yanke shawarar biyan ɗari uku a wata maimakon ɗari da tamanin. Ɗari da ashirin ɗin ba daga sama ya faɗo ba. Goma sha biyu na inshora. Talatin da biyar na tashoshin talabijin da ba mai kallo sai bango. Ashirin da biyar daga kwangilar waya, na koma ƙaramar. Arba'in da takwas na abincin rana da nake saya a shagon kusa da wurin aiki, na koma tafiya da kwano daga gida, abokan aiki na yi mini tsiya suna cewa an yi mini ritaya daga gayu.

Amma kada wani ya tashi daga nan yana cewa duk wanda ke cikin matsi almubazzari ne. Ƙarya ne, kuma masu faɗin haka ba su taɓa tsayawa a layin biyan kuɗi suna mayar da kaya ɗaya ɗaya ba. A shekarar nan kaɗai an ƙara mana saba'in a kuɗin haya, an ƙara talatin a wuta da gas. Kwalbar man girki farashinta na nan, amma ku ɗaga ta ku ji, ta rame. Kuɗin bas ya hau sau biyu. Albashina kuwa an ƙara masa abin da in ya faɗi a titi sai na yi shawara kafin in sunkuya. Muna wanke zannuwan da ake kwana a kansu dare ɗaya a kuɗin da ya fi albashinmu na mako. Wannan ba laifinmu ba ne, kuma tsimi ba zai gyara shi ba. Abin da nake cewa shi ne, katin ba ya rage tsadar nan ko da ƙwandala. Ɗaga ta yake yi zuwa gobe, ya ɗora mata kashi ashirin da tara.

Saura magana ɗaya, ita ce ta sa na fara da shekara tara da wata huɗu.

Wata bakwai da suka wuce ƙanwata ta kira ni ta ce idon mahaifiyarmu na tafiya. Likita ya ce ba irin wanda ake yi wa aiki ba ne, magani na rage masa gudu ne kawai. Tana gane mutum in ya matso kusa kuma akwai haske. In ya ja baya, sai dai ta murya. A lokacin saura wata uku in gama biyan bashin. Tikitin zuwa da dawowa dubu ɗaya da ɗari uku da hamsin, ba ni da ko ɗari a ajiye, amma a cikin kwat ɗin nan akwai wuri na sama da dubu biyar.

Ranar Lahadi ce da rana. Na cire kwat ɗin daga bayan ƙofa na shimfiɗa ta a kan keken ɗinki. Matata ta dube ni, ta ɗauko reza, ba ta yi gardama ba. Ta ce, "Wannan dalili ne, zan farke. Amma kafin nan ka kira Inna ka gaya mata da wane kuɗi za ka zo. In ta ce to, ko minti ɗaya ba zan ƙara ba."

Na kira. Shekara goma sha huɗu ina ce wa tsohuwar nan lafiya lau, komai lafiya lau. Ranar na gaya mata komai, har firjin, har aiken da na riƙa yi mata da kuɗin da ba nawa ba.

Ta ce, "Kai, ɗan nan, ka zaci ban sani ba? Mai kuɗi ba ya cewa lafiya lau sau huɗu a gaisuwa ɗaya."

Na ce, "Inna, ina so in zo tun kina gani."

Ta ce, "In ka zo da bashi, sai ka koma ka yi shekara nawa kana biya?"

Na ce wataƙila ɗaya, wataƙila biyu.

Ta ce, "Wato in gan ka sau ɗaya, in sake rasa ka. A'a. Ka gama da mutanen nan tukuna, ka zo da ƙafarka ba da tasu ba. Kada ka sayo wa kowa komai, wanda ya tambaye ka tsaraba ka turo shi wurina. Kuma ka rage hamsin a abin da kake aikowa, ƙanenka waya yake sauyawa da shi."

Na ce, "In kuma idon bai jira ba?"

Ta ce, "Me zan gani? An ce ka yi furfura ka yi sanƙo. In idon ya tafi hannuna na nan, zan shafa in ji."

Ta yi dariya, ni ban yi ba. Na mayar da kwat ɗin bayan ƙofa.

Ban zo in ce muku na yi daidai ba. Har yau ban sani ba. Akwai safiyar da nake tsaye gaban injin guga, tururi na dukan fuskata, in ce wa kaina wane irin ɗa ne ke auna idon uwarsa da kashi ashirin da ɗaya cikin ɗari. In na isa na tarar duhu ya riga ni, ba bankin zan zarga ba, ba matata ba, ba Inna ba. Wanda ya jefa ambulan a kwalin takalmi shekara biyar, shi zan zarga, domin kuɗin ruwan da ya biya a shekarun nan ya isa ya kai shi gida sau uku. Wanda duk irin wannan kira ya same shi, ya yi abin da zuciyarsa ta ba shi, ba zan ga laifinsa ba ko ya farke ɗinkin. Roƙona shi ne kada kiran ya same ku a inda ya same ni.

Saboda haka, 'yan'uwana, ku buɗe ambulan. Yau, ba gobe ba. Ku tsallake ƙaramar lambar da ke cikin akwati, ku nemi babbar, ku nemi kashi nawa ake ɗora muku. Ku kira ku taya, ba a kama kowa don ya taya. Ku nuna wa matanku takardun, mata ku nuna wa mazanku, domin abin da mutum ɗaya ke ɓoyewa mutum biyu ne ke biyansa. Ku koyi ce wa gida "wannan watan babu". Za a yi fushi, fushin zai wuce, kuma ba a ɗora masa ruwa. Sababbin zuwa, in an ce kun cancanta, ku tambaya: na cancanci me, kuma nawa ne? Wanda rubutun ya yi masa ƙanana ko harshen ya yi masa nauyi, ya kawo mini takardarsa bayan kowane taro, mu zauna a kujerun baya mu karanta tare, ba wanda zai ji. Na daɗe ban koyar da lissafi ba, ina marmari.

Na ga ma'aji yana raɗa wa shugaba magana, na kuma san abin da ake shiryawa, domin na san ku. Don Allah kada a zagaya da faranti saboda ni. Na gode da niyyar har cikin raina. Amma yau ashirin ga wata, na san abin da ke aljihun kowa, kuma na san rabin abin da zai faɗa farantin nan daga kati zai fito. Ba zan je gaban mahaifiyata da bashinku ba bayan ta hana ni zuwa da nawa.

Allah Ya yaye mana matsi. Allah Ya sa albarka a cikin ɗan abin da muke samu, Ya raba mu da bashin da ke girma muna barci. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na nan da na gida. Allah Ya saka wa matan da ke riƙe da gidajenmu, Ya shirya mana 'ya'yanmu. Waɗanda suka daɗe ba su je gida ba, Allah Ya buɗe musu hanya tun waɗanda suke son gani suna nan. Allah Ya riƙe wa tsohuwata ɗan hasken da ya rage mata. Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Bashin ya ƙare wata huɗu da suka wuce, bayan wata ashirin da biyu ina biya. Daga nan na fara ajiya. Wata uku na ajiye ɗari biyu da hamsin hamsin. Wata ɗaya ɗari da casa'in, domin yarinya ta buƙaci takalmin makaranta da likitan haƙori. Ƙarin aikin da na yi ranakun Asabar ya kawo ɗari da ashirin. Gwangwanin canji da ke kan firjin da ya maye gurbin wancan, matata ta ƙirga jiya, arba'in da shida. Jimla dubu ɗaya da ɗari da shida. Tikiti dubu ɗaya da ɗari uku da hamsin, in bai tashi ba. Saura ɗari biyu da arba'in da huɗu. Albashi zai shiga nan da kwana takwas. Ƙanwata ta ce shekaranjiya Inna ta gane ta daga bakin ƙofa.

Na gode.